Mari Ba Magani Ba Ne: Kira Ga Masallatan Ƙofar Kaura Game Da Matasa Masu Taɓin Hankali

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali, kuma Ya sanya hankalin nan ya zama sharaɗin ɗora masa nauyin ibada. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.), da alayensa, da sahabbansa, da duk waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, akwai wata jarrabawa da take shiga gidajenmu a ɓoye, wadda ba a cika jin ta a kan mumbari ba, alhali kuwa da wuya a sami layin da ba ta taɓa ba. Saurayi ne ɗan shekara 17 ko 20, wanda jiya yake sahun gaba a masallaci, sai a wayi gari ya ƙaurace wa barci, yana magana shi kaɗai, yana zargin mahaifiyarsa da zuba masa guba a tuwo. Ko kuwa budurwa ce ta daina zuwa Islamiyya, ta daina cin abinci, tana ta kuka, tana cewa gara mata mutuwa da wannan rayuwa. Idan irin wannan ya faru da tsakar dare a Ƙofar Kaura, ko a kowace unguwa ta birnin Katsina, mahaifi yakan rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Abin da yawanci ya saura a gabansa shi ne ya kulle yaron a ɗaki don gudun abin kunya, ko ya kwashe shi zuwa wurin boka, ko ya miƙa shi gidan mari.

Maƙasudin wannan rubutu shi ne mu bayyana cewa taimakon farko ga irin wannan matashi ya kamata ya same shi a cikin gidansu, a kwanakin farko na rikicewar, ta hannun mutanen da suka san Shari'a kuma aka koya musu aikin, suna masu haɗa kai da asibiti. Muna kuma ganin cewa wannan nauyi yana kan masallatan unguwa kafin kowa.

ABIN DA SHEKARAR 2019 TA TONA

A ƙarshen watan Satumba na 2019, 'yan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, da yawansu yara da samari, wasu da mari a ƙafa, wasu da tabon bulala a gadon baya. Ba a yi wata guda ba, a cikin Oktoba, aka sake samun irin wannan a Daura, inda aka fitar da mutum 67, sannan aka rufe wani gidan a cikin birnin Katsina kansa. A watan Nuwamba na wannan shekara ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a sassa daban-daban na Nijeriya. Abin baƙin ciki a nan shi ne, mafi yawan gidajen da aka tona a ƙasar Hausa da sunan addinin Musulunci suke aiki, kuma duniya ta kalli hotunan tana cewa ga makarantun Musulmi.

To, amma kafin mu ɗora wa masu gidajen laifi duka, sai mu tambayi kanmu: wa ya kai yaran? Iyayensu ne suka kai su, da kuɗinsu, wasu har da hawaye. Ba ƙiyayya ce ta sa suka yi haka ba. Uban da ɗansa ya ɗauko taɓarya zai rotse ƙanensa, ya duba gabas ya duba yamma bai ga mai taimako ba, duk wanda ya ce masa kawo shi zai miƙa. Saboda haka rufe gidajen mari rabin aiki ne. Muddin ba a samar wa iyaye wata ƙofa ba, to ɗaurin zai koma cikin gidaje, a ƙuryar ɗaki, inda babu ɗan sandan da zai gani.

Kuma matsalar ba ƙarama ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, amma tiramol da wiwi da sholisho ba su bar lungunanmu ba. Ƙari a kan wannan, jiharmu ta ɗanɗana ta'asar 'yan bindiga. A ranar 11 ga Disamba, 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kuma iyalai da yawa daga Batsari da Jibiya da Safana sun yi gudun hijira zuwa cikin birni ɗauke da yaran da suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Firgicin da ke cikin zuciyar irin wannan yaro yakan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, kafin ya bayyana.

MATSAYINSA A SHARI'A

Malaman usulu, irin su Imam Al-Gazali da Imam Ash-Shaɗibi, sun bayyana cewa Shari'a ta zo ne domin kare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Mun saba kawo kariyar hankali idan muna wa'azi a kan haramcin giya da ƙwaya, kuma hakan daidai ne. Sai dai kariyar hankali ta haɗa har da ceto shi idan ya fara gushewa, kamar yadda kariyar rai ta haɗa da ceto wanda ruwa ke shirin ci.

Ya tabbata a hadisin da Abu Dawuda da waninsa suka ruwaito cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da wanda hankalinsa ya gushe, har sai ya dawo hayyacinsa. Ku duba, ya 'yan'uwa: mala'iku sun daina rubuta masa laifi, amma ɗan Adam ya ɗauko dorina yana hukunta shi. Da wace hujja? Bukhari da Muslim kuma sun kawo ƙissar baƙar matar nan mai farfaɗiya, wadda Abdullahi ɗan Abbas (R.A.) ya nuna wa Aɗa'u ɗan Abi Rabah a matsayin 'yar Aljanna. Ta zaɓi haƙuri a kan ciwonta, amma ta roƙi Manzon Allah (S.A.W.) ya yi mata addu'a kada tsiraicinta ya riƙa bayyana idan ciwon ya tashi, kuma ya yi mata. Darasin da ke nan shi ne, mutuncin mai larura da suturarsa abin kiyayewa ne ko a lokacin da shi kansa ba ya iya kiyaye su. Ina wannan, ina tara yara suna bin mara lafiya da jifa, ko ɗaukar hotonsa a waya ana yaɗawa?

Magabatanmu sun fahimci wannan. Abu Zaid Al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934 Miladiyya, ya rubuta littafin Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya yi bayanin baƙin ciki mai tsanani da tsoro da waswasi a matsayin cututtukan da ake yi wa magani. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana karɓar masu taɓin hankali tare da sauran marasa lafiya. Ashe ke nan kai mai taɓin hankali wurin likita gadonmu ne tun kafin Turawa su san hanyar ƙasarmu.

RUƘIYA DA MAGANIN ASIBITI

Mun yi imani da samuwar aljanu, mun yi imani sihiri da kambun baka gaskiya ne, kuma ruƙiya da Alƙur'ani da addu'o'in da suka inganta Sunna ce tabbatacciya. Haka nan umarnin neman magani ya tabbata a hadisin Usamatu ɗan Sharik (R.A.), kuma Bukhari ya ruwaito abin da ke nuna cewa kowace cuta Allah Ya saukar da maganinta. Babu karo tsakanin waɗannan biyun. Mai zazzaɓin cizon sauro ana yi masa tofi kuma ana ba shi ƙwaya, babu wanda ya taɓa cewa imaninsa ya ragu. Me ya sa idan ciwon ya koma ƙwaƙwalwa sai a ce dole a zaɓi ɗaya?

Abin da muke yaƙi da shi iri biyu ne. Na farko shi ne zuwa wurin bokaye da 'yan bori da 'yan duba, waɗanda za su sa a yanka baƙin bunsuru, a binne laya, sannan su ce kishiyar uwa ce ta yi wa yaro asiri, su raba zumuncin da aka shekara ana ginawa. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Na biyu kuwa ya fi kusa da mu, wato masu ruƙiyar da suke dukan mara lafiya, ko su shaƙe shi, ko su turara shi da barkono, wai aljanin ne yake jin zafin, har ma su hana shi shan maganin likita. Wasunsu suna kafa hujja da abin da aka ruwaito daga wasu malaman da suka gabata. Amsarmu ita ce: ƙa'idar hana cuta da cutarwa ta fi ƙarfin aikin kowane malami, kuma babu wanda aka ba sanin gaibu da zai rantse cewa wannan aljani ne, ba zazzaɓin da ya hau kai ko farfaɗiya ko illar ƙwaya ba. Idan an gama, a jikin yaron ake ganin tabo.

ME YA SA MUKA CE A GIDA?

Dalili na farko shi ne ƙarancin likitoci. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha bayyana cewa yawansu bai kai 300 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa da aka fi sani a yankinmu, wato na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, duk tafiyar awanni ce daga Katsina, kuma gadajensu ba za su ɗauki kowa ba. Dalili na biyu shi ne, likitoci sun tabbatar cewa gwargwadon jinkirin fara magani, gwargwadon wahalar warkewa. Watannin da ake ɓatawa ana ɓoyo da yawon gidajen bokaye su ne mafi tsada a rayuwar yaron. Dalili na uku, wanda ya rikice yakan fi samun natsuwa a ɗakin da ya sani, kusa da muryar mahaifiyarsa, fiye da inda aka kai shi da ƙarfin tsiya a ɗaure.

Wannan kuma ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda ake saukar da marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowane tare da wani ɗan'uwansa mai kula da shi, su je asibiti da rana, su koma cikin jama'a da dare. Tsarin ya yi suna a duniya, kuma shi Lambo daga baya ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. A Ingila, tun daga shekarar 2000 gwamnati ta baza rukunonin ma'aikatan da ke zuwa gidan wanda ya rikice su kula da shi a can, don rage kwantarwa a asibiti. A 2020 kuma aka buga sakamakon binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda ya nuna cewa marasa lafiyar da ke hannun masu maganin gargajiya da na addini sun fi samun sauƙi idan ma'aikatan ƙananan asibitoci suna zuwa duba su a kai a kai. Ba muna kira a haɗa kai da bokaye ba ne, Allah Ya kiyaye. Abin lura shi ne, idan ilimin likita ya isa wurin da jama'a suka riga suka amince da shi, ana samun nasara. A unguwanninmu kuwa babu wurin da aka amince da shi kamar masallaci.

ABIN DA IYALI ZA SU YI A DAREN FARKO

Na ɗaya, a sallami taron 'yan kallo. Mutum ɗaya wanda yaron yake jin nauyinsa ya yi masa magana, da murya ƙasa-ƙasa, ba tare da tsawa ko zagi ba.

Na biyu, kada a yi gardama da shi a kan abin da yake ji ko yake gani. Idan ya ce ana bin sa za a kashe shi, a ce masa an ga yana cikin tsoro, kuma ana tare da shi.

Na uku, a kawar da wuƙa da adda da fetur da maganin ƙwari da tarin magunguna daga inda hannunsa zai kai, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Na huɗu, idan ya ambaci mutuwa ko ya fara sallama da mutane, a tambaye shi kai tsaye, cikin tausayi, ko yana tunanin halaka kansa. Masana sun tabbatar cewa tambayar ba ta jefa wa mutum tunanin, sai ma ta buɗe masa ƙofar magana. Wannan ba lokacin karanto masa azabar wuta ba ne, lokacin tunatar da shi rahamar Allah ne da gaggauta neman taimako.

Na biyar, idan rikicewar ta zo da zazzaɓi mai zafi, ko sanƙarewar wuya, ko jijjiga, ko bayan buguwa a kai, ko ya sha wani abu, to a garzaya asibiti a wannan daren, domin yana iya zama sanƙarau ko zazzaɓin da ya hau kai. Haka nan mai jegon da ta rikice a makonnin farko bayan haihuwa, ita da jaririnta duka suna bukatar ceto na gaggawa.

Na shida, idan likita ya ba da magani, a sani cewa yawancinsa yana ɗaukar makonni kafin a ga cikakken amfaninsa, kuma yanke shi da zarar an ga sauƙi shi ne babban abin da ke dawo da ciwon.

AIKIN DA KE KAN MASALLATAI

Ceton wanda ya shiga wannan hali farilla ce ta kifaya. Idan wasu suka tsaya da ita an ɗauke wa saura, idan kowa ya yi biris kowa ya yi laifi. Saboda haka muna ba da shawarar kowane masallacin Juma'a a Ƙofar Kaura da kewaye ya kafa ƙaramin kwamitin agajin gida, wanda zai ƙunshi malami mai sanin ruƙiya ta Sunna, da ma'aikacin lafiya daga cikin masu sallah a masallacin, da 'yan agaji biyu ko uku, da mata biyu daga malaman Islamiyyar matan aure. Alhamdu lillahi, 'yan agajinmu sun riga sun saba da horo da ɗa'a, sun saba da tsare taron wa'azi da hidimar alhazai. Abin da ya rage shi ne a gayyato likitoci da ma'aikatan jinya daga asibitocin birni su koya musu alamomin ciwo, da yadda ake kwantar da wanda ya fusata, da lokacin da ya wajaba a miƙa shi asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shiri na musamman tun 2008, mai suna mhGAP, wanda aka tsara domin koyar da ma'aikatan lafiyar da ba ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba, kuma ma'aikacin lafiyar kwamiti zai iya cin gajiyarsa.

Aikin kwamitin shi ne ya amsa kira ko da tsakar dare, ya raka iyali asibiti, sannan ya ci gaba da ziyara bayan an dawo gida, yana duba ko ana shan magani, yana ƙarfafa uwar da ta kwana ba ta runtsa ba, har a ga yaron ya koma makaranta ko wurin sana'arsa. Kwamitin ba zai rubuta magani ba, ba zai yi allura ba, wannan aikin likita ne. A'isha (R.A.) ta kasance tana umartar a dama talbina a ba mara lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, saboda abin da ta ji daga Annabi (S.A.W.) na cewa tana sanyaya zuciya. Kwanon kunu da aka shiga da shi gidan da ke cikin tashin hankali yana daga cikin wannan aiki.

Wani zai ce, ai gidajenmu ba a shiga, kuma mutane suna tsoron tonon asiri, musamman idan 'ya mace ce da ake gudun ta rasa mijin aure. Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma maganinsa amana. Ba za a shiga gida ba sai da izinin mai shi, mata su je wa mata, kuma duk ɗan kwamitin da ya fitar da sirrin wani gida a sallame shi nan take. Amma iyaye su ma su sani cewa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ciwon da aka ɓoye wa mutum biyar masu amana, wata rana shi zai fito titi kowa ya gani.

Wani kuma zai ce, ina kuɗin? Muna tara kuɗi don shimfiɗa da lasifika da fenti, kuma duk alheri ne. Amma iyalin da suka sayar da akuyarsu ta ƙarshe don sayen magani suna cikin fakirai da miskinan da Allah Ya ba haƙƙi a zakka. A ware musu kaso sananne, a riƙa bayyana lissafinsa ga jama'a.

KIRA GA HUKUMA

A watan Janairu na 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka. Dokar ta tabbatar wa masu wannan larura haƙƙoƙinsu, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusun tallafa wa aikin. A cikin wannan watan ne kuma ya zo Katsina ya buɗe gadar ƙasa ta Ƙofar Kaura. Gadar kowa yana bin ta safe da yamma, amma iyaye nawa ne a unguwar suka taɓa jin labarin dokar? Muna kira ga Gwamnatin Jihar Katsina da Majalisar Dokoki su tabbata tanade-tanaden dokar sun iso ƙananan asibitocin unguwanni, a horar da ma'aikatansu, a wadata su da magani mai rahusa, a kuma ba kwamitocin masallatai ma'aikacin da za su kira idan abu ya faru. Masu unguwanni da dagatai kuma su sa ido a kan duk gidan da ake ɗaure mutane da sunan gyaran tarbiyya.

Daga ƙarshe muna roƙon limamanmu su ware huɗuba guda a kan wannan mas'ala, domin mahaifin da ke zaune a sahu yana ɓoye damuwarsa ya ji cewa ciwon ɗansa jarrabawa ce mai lada, kuma yana da 'yan'uwan da zai kira. Manzon Allah (S.A.W.) ya sanar da mu cewa kowannenmu makiyayi ne, kuma za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba iyayensu haƙuri da lada, Ya kawo mana zaman lafiya a jiharmu da ƙasarmu baki ɗaya, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.